Hular Babanmu a Cikin Hoto

Hoto ɗaya tak muke da shi na babanmu, shi ma bai kai tafin hannu ba. Kwanakin baya jikata da ke karatu a birni ta zo hutu, ta tarar ina shanya tsofaffin takarduna a rana saboda gara, sai ta zaro shi daga cikin jakar fata. Ta ce, "Kaka, wannan soja ne?" Na ce haka aka ce. Ta ce, "Aka ce, ko kuwa haka ne?" Yaran yanzu ba su san inda ake tsayawa da tambaya ba. Kafin in buɗe baki ta ɗora wayarta a kansa ta ɗauka, ta sa yatsu biyu ta buɗa, sai ga kan babana ya cika gilashin. Ta ce yanzu za mu gani. Muka zuba ido ni da ita. Hular ta kumbura ta koma hayaƙi-hayaƙi, farin ɗigon da ke goshinta ya baje kamar an ɗiga koko a ƙasa. Ta ƙara, ta rage, ta juya wayar, a ƙarshe ta ce hoton ne ya tsufa. Na ce amarya, bar ɗora wa hoto laifi, tun yana sabo haka yake.

A lokacin da nake ba da labari ƙauyenmu bai haɗe da titi ba. Gona na manne da gona, ba ka ganin daji ko kaɗan, sai layin gamba da ya raba ta wannan da ta wancan, da kukoki da ɗorawa waɗanda kowa ya san mai su. Da asuba ba ladan kaɗai ke tashinmu ba, har da luguden mata, wannan gida ya ɗauka wancan ya amsa, daga kan tabarmarka kana iya gane turmin wa ya tsage. Sai ƙarar guga a rijiya, sai jakuna su kama hanyar birni da itace, su dawo da mangalar taki. Yanzu injin niƙa ya cinye duk wannan, inda muke kiwon awaki kuwa an yanka filaye an jera bulo. Ba ƙorafi nake yi ba, ni ma a-daidaita-sahu nake hawa in za ni asibiti, kuma gwiwoyina suna gode masa. Abin da ke damuna shi ne duk wanda zan iya tambaya game da hular nan ya riga mu gidan gaskiya.

Babanmu mutum ne marar yawan magana. Abin da na fi tunawa da shi tarinsa ne in ya doso gida, da yadda yake goge fartanya da ciyawa kafin ya rataye ta. Kowace shekara in an kai amfani rumbu yakan tafi cin rani kamar rabin mazan garin, ya dawo da ruwan farko ɗauke da gishiri da kanwa da ɗan yadin da za a yi mana riguna. Kafin ya tafi sai ya je zauren wansa, wanda muke kira Baffa, ya durƙusa ya ce, "Ga gona, ga iyali, amana har na dawo." Gonar rabonsa ce daga kakanmu, ba ta da faɗi, amma wutsiyarta ta shiga fadama, inda in ka haƙa zurfin gaba guda da rabi za ka tarar da ruwa. Shekarar da ya yi tafiyar ƙarshe ban fi goma sha ɗaya ba. Ruwa ya sauka, abokan tafiyarsa suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suka ce tun a tasha suka rabu da shi. A lokacin ana yaƙi a Kudu, muna jin labarinsa a rediyon telan garinmu, kuma an ce a birni ana ɗibar duk wanda ya miƙa kansa.

Sai a damina ta biyu hoton ya zo. Wani mai goro ne a kasuwar Gezawa ya ba Baffa ambulan, shi ma direba ne ya ba shi, direban kuma ya ce wani ne ya miƙo masa ta taga ya faɗi sunan garinmu da sunan Baffa. Babu wasiƙa, babu saƙon baki. Ga babanmu daga ƙirji zuwa sama, ya rame, sanye da riga mai aljihu biyu, a kansa kuma wata hula mai laushi, ba zanna ba ce ba kuma dara ba, ta karkata gefe guda kamar za ta zame. Hoton ya zaga zaure hannu da hannu. Tela ya ce ta 'yan sanda ce, ya taɓa ɗinke irinta. Wani da ya yi dakon gyaɗa a birni ya ce rantsuwa ba kaffara, masu gadin ƙofar kamfani ke sa ta. Sarkin aska ya yi dariya ya ce duk ba ku san birni ba, masu ɗaukar hoto suna ajiye hula da kwat da mataccen agogo su ara wa ɗan ƙauye don ya yi kyau, shi kansa an taɓa ɗaukarsa da igiya a wuya irin ta akawu. Wasu suka ce soja ne, me kuma ake nema. Ni kuwa duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi nake gaskatawa. Innarmu ba ta kalli hoton a gaban kowa ba, don a lokacin mace ko sunan miji ba ta faɗa, balle ta tsaya ƙare wa fuskarsa kallo. Ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a tsumma, ta sa a ƙasan kwallar jerenta.

Yaƙi ya ƙare, sojoji suka dawo, wani da rediyo wani da sanda a hammata. Baffa ya bi su gari-gari yana tambaya, ba wanda ya san babanmu. Wasu suka ce wannan ba hujja ba ce, da yawa da sunan garinsu aka rubuta su, ba da nasu ba. Haka muka zauna, Inna ba matar aure ba, ba bazawara ba, mu kuma ba marayu ba, ba masu uba ba. Baffa ne ke nome gonar tare da tasa, amfanin ya shiga rumbunsa, duk safiya a auno mana namu. Muddin ana samun damina ba wanda ya ga aibin wannan.

Sai fari ya zo. Wanda bai gani ba, ba na son ya gani. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye, dawa ko kai ba ta fitar ba. Shekara ta zagayo aka sake haka. Lugude ya ɗauke a garin, in ka ji taɓarya da safe to dusa ake dakawa, ita ma a hankali don kada maƙwabta su ji. Muka ci tafasa, muka ci yaɗiya, muka ci ganyen da a da ko akuya sai ta shinshina ta wuce. Mata suka riƙa tone gidan tururuwa suna sheƙe abin da suka samu. Inna takan ce mana, "Ku tauna a hankali, ciki ba ya ƙirga loma, daɗewa yake ji." Awon da ke zuwa daga gidan Baffa ya koma rabi, ya koma rabin rabi. Ba mugunta ba ce, baki ashirin ne a gidansa, mu kuma biyar ne: Inna, ni, da ƙannena uku. A duk gonakin gidan wutsiyar fadamar babanmu ce kaɗai ke ba da wani abu, ɗan rogo da ɗan dankali, kuma in aka raba shi ashirin da biyar kowa ɗanɗano yake samu. Ƙaramar ƙanwata gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, ta daina kuka.

Na riga na zama saurayi a lokacin, na je na durƙusa wa Baffa na ce ya sakar mana gonar ubanmu mu nome da kanmu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Amana aka ba ni. Wanda ya ba ni shi zai zo ya karɓa." Magana ta kai gaban Liman, ya tara mu a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya ce, "Littafi ya raba su biyu. Wanda ya ɓata a fagen yaƙi, in an ajiye makamai an nema ba a gan shi ba, matarsa ta yi takaba, a raba gadonsa. Wanda kuwa ya fita neman abinci ya ɓata, ba a taɓa dukiyarsa sai ya kai shekarun da sa'o'insa suka ƙare. Shekarunsa nawa yanzu?" Baffa ya ce bai fi arba'in ba. Liman ya ce, "To kun ji. In soja ne, gona ta yara ce bana. In ba soja ba ne, sai wannan saurayin ya yi furfura. Ni ban san kayan soja ba, a nemo wanda ya sani." A nan na fahimci abin da nake roƙo. Don ƙanwata ta rayu, sai ubana ya mutu.

Akwai wani tsoho a wani ƙauye arewa da mu, ana ce masa Baba Saje, wanda ya yi wa Turawa yaƙi a ƙetaren teku tun kafin a haife ni. Kowa ya yarda in dai kayan soja ne maganarsa ce ta ƙarshe. Inna ta fito da hoton daga kwalla, ta miƙo mini a naɗe, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na fita bayan sallar asuba, na ratsa gonaki fayau ba ko kara, na wuce garuruwan da rabin gidajensu an toshe ƙofa da ƙaya an tafi. Rana ta take tsaka na isa. Na same shi a zaure a kan buzu, dogon tsoho, zaune a miƙe kamar an dasa shi. Na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni, na kwance hoton na miƙa. Ya karɓa, ya ɗaga shi daidai fuskarsa, ya yi gyaran murya. Kan babana yana ƙasa, ƙirjinsa a sama. Na ɗaga ido na dubi nasa idanun, sai na ga wata farar yana ce ta lulluɓe su ruf. Tsohon ba ya gani, kuma da alama ba wanda ya taɓa iya faɗa masa an sani.

Ya miƙo mini hoton ya ce, "Zauren nan duhu gare shi. Kai mai idon yaro, faɗa mini abin da ka gani, in ji ko ka iya kallo."

Na ce, "To, Baba."

"Hular ina ta karkata, dama ko hagu?"

Na ce dama, sai na tuna damata hagunsa ce, na ce hagu, na sake cewa dama. Ya yi tsaki.

"A kafaɗa fa, akwai wani abu?"

"Hoton bai nuna sosai ba, Baba."

"Maɓallan rigar na ƙarfe ne ko na ƙashi?"

"Ba a ganewa."

Ya ce, "Kai, wane irin ɗan aike ne kai? To saurara, wannan ita ce magana. Irin hular nan kowa na sa ta, maigadi na sa ta, ɗan kamasho ma in ya tsinta zai sa. Abin da ya raba ta soja da ta kowa lamba ce, ɗan ƙarfe a goshi, sama da ido. Duba da kyau. Akwai ko babu?"

Na matsa bakin ƙofa inda haske yake. Akwai farin ɗigo a goshin hular, bai fi ƙwayar gero ba. Amma akwai wani ɗigon ƙarami kusa da kunnensa, akwai kuma wani a jikin bangon da ke bayansa, waɗanda ba shakka tabon wanki ne na mai hoto. Na goshin ya fi su girma kaɗan. In na karkata hoton sai in ga kamar yana da kusurwa, in na daidaita shi sai ya koma ɗigo kawai. Na kalla har idona ya kawo ruwa. Ban karya ba tun jiya, kaina na juyawa, kuma wallahi ƙafafun ƙanwata nake gani a kan hoton.

Na ce, "Akwai."

"Ka tabbata?"

"Akwai, Baba."

Ya ce, "To soja ne. Allah ya ji ƙansa." Ya sa aka kawo mini ruwa da ɗan ƙuli-ƙuli guda biyu.

Har yau in aka tambaye ni ko ƙarya na yi, ban san amsar da zan bayar ba. Da na ga babu na ce akwai, da na san zunubina na tuba. Da na ga akwai sarai, da na kwana lafiya. Ni abin da na gani ɗigo ne, bakina kuma ya riga zuciyata yanke hukunci.

Ranar Juma'a aka ɗauko Baba Saje a kan jaki, ya sanyo tsohon kakinsa da ya koɗe. Bayan an sallame, Liman ya ce a ba shi hoton. Ni na miƙa masa, kuma na kula na sa masa shi a hannu kai a sama. Ya ɗaga, ya daɗe yana kallo kamar mai gani. Ya ce, "Wannan namu ne. Ga lamba nan a goshi." A cikin sahun nan akwai waɗanda suka lura da idanunsa, na tabbata, amma wa zai miƙe a gaban masallaci ya ce wa dattijo kamar wannan ba ka gani? Ba a yin haka a garinmu. Liman ya shafa fatiha. Baffa ya juyo ya dube ni, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Kun kashe mini ƙane da hula." Washegari shi da kansa ya zaga iyakar gonar da Liman da shaidu, ya nuna kowane tushen gamba, bai rage ko taki ɗaya ba.

Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, aka yi sadaka da 'yar gumbar da ba ta cika faifai ba. Ni da ƙanena muka haƙa rijiya a fadamar, muka kafa jigo, muka yi ta ban ruwa har hannuwanmu suka fashe. Rogo ya yi, dankali ya yi, muka samu albasar kaiwa kasuwa. Ƙanwata ta tashi, kumburin ya saɓe, yau tana da jikoki ta fi ni surutu. A gidan Baffa kuwa kafin ruwa ya dawo aka binne autansa. Kullum Inna na aika kwano can, wani lokaci a karɓa, wani lokaci ya dawo a rufe yadda aka kai shi. Ko rabon da yaron yake samu daga fadamar zai iya riƙe shi? Na yi wannan lissafin ya fi sau dubu, kowane lokaci amsa daban nake samu. Baffa bai ƙara ɗaga mini maganar ba har ya rasu, kuma shi ya karɓa mini aure.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, shekaru da yawa in baƙo ya yi sallama a ƙofar gida da muryar dattijo sai in miƙe zumbur in leƙa ko shi ne. In na kai albasa birni, idona na kan masu gadin ƙofofi, duk tsohon da na gani da irin hular nan sai na rage tafiya. Akwai ranar da na bi wani tun daga bakin kasuwa har unguwar da ban sani ba, don kawai tarinsa, da ya juyo sai na ga ko kama ba su yi ba. Ina yi wa babana addu'ar mamata bayan kowace salla, wani lokaci a tsakiyar addu'ar sai in ji kunya, in ce ko yana can wani gari yana shan rake da wasu 'ya'yan. Inna kuwa sau uku ana zuwa neman aurenta bayan ta fita takaba, manyan mutane masu rufin asiri, sau uku tana cewa ta gode. Na ɗauka saboda mu ne. Daga baya na fara tunanin ko ita ma ba ta yarda da hukuncin ba, tana tsoron ta yi aure a kan aure. Ban tambaye ta ba, ɗa ba ya tambayar uwa irin wannan.

Ta yi tsawon rai, har ta goyi 'ya'yan 'ya'yana. Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Wata safiya da hantsi, mata sun fita tsakar gida, ina zaune a bakin gadonta ina mata fifita, sai ta ce in matso. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

Ta ce, "Tsohon nan da aka ɗauko a jaki. An ce ba ya gani."

Na ce, "Haka ne, Inna."

"To wa ya ga lambar?"

"Ni ne."

Ta lumshe ido, har na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, "Ni ban taɓa buɗe tsumman nan ba. Na ji tsoron in duba in ga babu." Ta laluba ta kama hannuna. "Kai ka gan ta da idonka?"

A ranar ina da furfura a gemu, gona ta daɗe da zama tamu, ba sauran yunwar da za ta tura bakina. Ba Liman, ba shaidu, daga ni sai ita. Da na so in ce ɗigo ne kawai na gani, ba abin da zai hana ni.

Na ce, "Na gan ta, Inna."

Ta saki numfashi, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ba gudunmu ya yi ba."

Ba ta ƙara wata magana ba sai kalmar shahada. Kafin azahar muka kai ta.